Ruwan Da Na Kai Wa Hayatu

Wata yarinya ta rubuto mini a ƙarƙashin abin da na sa muku wancan karon, ta ce, “Hajiya, ai ke 'yar gata ce, tunda mahaifinki ya bar miki zaɓi.” Na yi dariya har tabarau ya zamo mini kan hanci. 'Yata, wanda aka ɗaure da igiya yana da wanda zai yi wa Allah ya isa. Wanda aka kwance, aka nuna masa hanya biyu aka ce bismilla, in ya faɗa rami wa zai kama? To gyara zama, yau za ki ji irin gatan da aka yi mini.

Ga wanda yau ya fara karanta ni, sunana Saliha, 'yar unguwar Yelwa a Jalingo. Abin da nake ba ku labari ya faru ne a daminar 1994, lokacin jihar tamu ko yaye ba a yi mata ba, ofisoshi a gidajen haya, tebur ɗaya mutum uku. Ina aiki a wata ma'aikata, ga digiri a akwati, shekaruna na leƙen talatin, ba aure. A wancan zamanin wannan ciwo ne, kuma kowace mace a dangi tana da maganinsa a haɓar zane.

Babbar likitar ita ce Goggo Asta, yayar Babana.

“Saliha, wannan takardar taki ta jami'a, ita za ki goya?”

“Goggo, ai ta fi sauƙi, ba ta tsuga wa mutum fitsari.”

“Ji baki! Shi ya sa maza ke gudu. Namiji ya zo zance ki ɗora masa jarrabawa.”

Ba ƙarya ta yi ba, na kori da yawa da tambaya. Baba kuwa tsohon hedimasta ne, tun ina ƙarama ya rantse ba zai zaɓa wa 'yarsa miji ba. Mahaifiyata, da muke kira Dada, ba ta taɓa ce mini uffan ba. Ita dai duk shekara in ruwa ya sauka sai ta buɗe akwatin da take tara mini atamfofi, ta shanya su a igiyar da ke daidai ƙofar ɗakina, wai kada su yi fumfuna. Wallahi shanyar nan ta fi faɗan Goggo ciwo.

Ana cikin haka Hayatu ya shigo rayuwata a kan babur. Malamin dabbobi ne, ɗan Gembu, aiki ya sauko da shi daga saman dutse, yana zaune shi kaɗai a ɗakin haya a Nukkai. Dogo, siriri, magana kamar sayar masa da ita ake yi. Kullum akwai akwatin ƙanƙara ɗaure da roba a bayan babur ɗinsa, a ciki yake kai allurar shanu rugage. Ranar da ya fara zuwa wurina, kafin ya gaishe ni sai da ya nema wa akwatin inuwa.

“Ni aka zo gani, ko akwati aka kawo shan iska?” na ce.

“Ke ko kin sha rana kina nan a Saliharki,” ya ce. “Allura kuwa in ta ji zafi ta mutu. Kwalba tana nan, launi yana nan, amma ruwa ne kawai. Ka tsira wa saniya ka tafi kana murna, mai saniya yana sa maka albarka, alhali ba a yi komai ba.”

Ku riƙe wannan maganar, za ta dawo.

A gidanmu baƙo ba ya buɗe baki sai ya sha ruwa. Dada tana da wata randa a gindin lemo, rabinta a binne cikin yashi, tana jefa saiwar jema a ciki don ƙamshi. In Hayatu ya yi sallama bayan la'asar, sai in shimfiɗa masa tabarma a zaure, in ɗebo ruwan a kwanon sha na silba mai murfi. Mutumin da ya wuni a daji ba ya yi wa ruwa kunya. Zai ɗaga kwanon da hannu biyu, maƙogwaronsa na hawa da sauka, sai ya ga gindinsa zai ajiye ya yi godiya da Fulatanci, ya ce, “Useko.” In kuna son gaskiya, ta wurin shan ruwan nan na fara sonsa. Sauran masu zuwa sai su ɗan kurɓa su ajiye, wai su manya. Shi yana jin ƙishi, kuma bai ɓoye ba.

Magana ta yi nisa. Aka aika Gembu, kawunnansa suka aiko cewa suna nan tafe da goro. Baba ya ce to madalla, amma kafin ya karɓi goron kowa sai ya ji daga bakina. Goggo Asta ta kwaso kayanta ta tare a gidanmu. Aka yi wa zaure farar ƙasa. Atamfofin Dada suka bar igiya suka tafi wurin tela.

A farkon daminar Hayatu ya taɓa zuwa da bandeji a wuyan hannunsa na hagu. Ya ce kare ne ya kama shi a wata ruga ta wajen Sunkani, amma yana karɓar allura, ba komai. Har na tsokane shi cewa kare ma ya san ba ya da maiƙo, shi ya sa ya sake shi. Ciwon ya warke, na manta.

Sai kuma mutum ya ɓace. Lokacin ne ma'aikatan mai suka shiga yajin aiki, gari ya tsaya cik, motoci a jere a gidan mai har ciyawa ta fito a ƙarƙashinsu, mata suka koma hura itace. Na ce ko rashin mai ne. Amma Nukkai ba Makka ba ce, mai son zuwa ko a ƙafa ya zo. Goggo ta fara kallona ta wutsiyar ido.

“Wace jarrabawar kika ba wannan kuma?”

Wata ranar Talata ina shiga ofis Lucy ta yafito ni. Ita ce mai buga mana tafireta, 'yar Zing, kuma wayar ofis tana kan teburinta da ɗan kwaɗo a jiki don kada mu kira dangi. Duk saƙon soyayyar ma'aikatar nan ta kunnen Lucy yake bi. Hausarta ba ta raba mace da namiji.

“Saliha, mutuminka ya kira. Ya ce ka jira shi a gindin mangoro in an tashi.”

“Ashe yana raye.”

Ba ta yi dariya ba. “Muryarsa fa, ban so ba. Kamar wanda ya dawo daga kai gawa.”

Na same shi a tsaye, ba babur, ba akwati. Rigar da na san ta yi masa daidai yanzu rataye take a jikinsa. Na zo da faɗa cike da baki, ina ganinsa faɗan ya koma ciki. Ya ce in zauna a kan benci, shi ya tsuguna can nesa kaɗan, ya naɗe hannun riga ya nuna mini tabon. Ɗan abu ne, huji huɗu da suka yi fari.

“Karen nan mahaukaci ne,” ya ce. “Na kashe shi na aika da kansa aka gwada. Mu biyu ya ciza ranar, ni da Aƙilu, makiyayin da ke riƙe mini saniya. Ni na goyo shi a babur na kawo mu wani ƙaramin asibitin kuɗi da ke da allurar. Daga firji ɗaya aka ɗebo mana.”

Na gyara zama a bencin, ya ci gaba.

“Ranar da na koma karɓar ta ƙarshe, mai allurar ya ɗan fita. Kin san halina, ba na ganin firji ban taɓa ba. Na sa hannu. Saliha, ɗumi. Kamar ka sa hannu a aljihu. Firjin na kananzir ne, kuma kananzir ya daɗe da yi musu wuya. In sun samu su kunna, in ba su samu ba su rufe ƙofar su yi shiru.”

Ya ce daga nan ya bazama neman wata allurar. Ba mai, ba mota. A bayan babbar motar doya ya isa Jos, ya samu, aka sake yi masa daga farko. Likitan can ya gaya masa gaskiya, an makara ƙwarai, tana iya yin aiki, tana iya ƙin yi. Ya sayo ta Aƙilu ya dawo da ita cikin ƙanƙara, ya tarar rugar ta tashi saboda damina. Kafin ya gano inda suka koma, abin ya riga shi.

“Ana cewa hauka, ba hauka ba ne. Ya gane ni. Ya gaishe ni, har ya tambayi ina babur. An ɗaure shi a jikin turke da rawaninsa, shi ya ce a ɗaure shi. Yana roƙon ruwa. Matarsa ta kawo ƙwarya, yana ganin ruwan ya motsa sai wuyansa ya shaƙe, ya yi wani irin kuka da ban taɓa ji ba ko a bakin dabba. Ƙishi na kashe shi, ga ruwa a gabansa. Kowa ya watse sai ita. Sai ta koma bayansa inda ba zai gani ba, ta jiƙa tsumma, ta zagayo da hannu tana shafa masa a leɓe. A haka ya cika.”

Hadari ya haɗo ta gabas, iska ta fara kaɗo ganyen mangoro. Na ga ya ɗaga kai yana sauraron iskar a fatarsa, kamar mai jiran ya ji ko za ta yi masa wani abu.

“Yaya ake ganewa?” na ce.

“Tabon ke fara magana. Wurin da ya warke tuntuni sai ya kama ƙaiƙayi, kamar tururuwa na tafiya a ƙarƙashin fata. Sai zazzaɓi. Sai ruwa.”

“Yaushe?”

“Gobe. Ko bayan Sallah. Ko baɗi. Ko kuma in tsufa in mutu da ciwon gwiwa ina ba jikoki labari. Babu gwajin da zai faɗa. Amma in ya fito, ba a tashi.” Ya sauke hannun rigarsa. “Kawunnaina sun riga sun taso, ba ni da hanyar tare su. Na zo in ce miki na sauke miki alƙawari. Zaɓi naki ne. Duk abin da kika ce, daidai ne.”

Duk abin da kika ce daidai ne. Masu karatu, ban taɓa jin magana mai ladabi da ta kai wannan mugunta ba.

Na koma gida na tarar Goggo Asta ta baje leshi a tabarma, ruwan zuma mai ƙananan duwatsu, tana gwada shi da gyale uku. Dada na tankaɗen garin kunun gyaɗa na baƙi. Turaren wuta ya cika tsakar gida. Goggo ta jawo ni ta kara leshin a kafaɗata.

“Kai, ɗan Gembu ya mutu! Dube ta, kamar ba ita ke gardama da limamai ba. Na gaya muku, matar mutum kabarinsa. Duk gudunki sai da ya kamo ki.”

Na shige ɗaki na toshe baki da matashi.

Kwanakin da suka biyo baya na yi abin da kowane matsoraci ke yi, na shiga neman wanda zai ɗaukar mini kayana. Na san in na gaya wa Dada, a ranar za a mayar da atamfa akwati, kuma ba wanda zai ce laifina ne. Na san in na gaya wa Goggo za ta ce ajali ba ya bin cizon kare, abin da aka rubuta ba ya kankaruwa, a ɗaura kawai. Na san Lucy za ta ce in gudu. Ina zaune ina jera su a raina ina tunanin wa zan fara tunkara, sai na kama kaina dumu-dumu. Tunda na san amsar kowacce, to duk wadda na je wurinta ai na riga na yanke hukunci ke nan, aron baki kawai na je yi. Mun iya wannan ƙwarai. Mace ta san abin da take so, sai ta tsallake gida bakwai ta je wurin wadda za ta faɗa mata shi, gobe in abu ya ɓaci ta ce shawara aka ba ta.

Na yi istihara, kuma ban raina ta ba har yau. Amma ban yi mafarkin farin doki ba, ban yi na baƙin rami ba. Na tashi da zuciyata yadda na kwanta da ita. Daga baya na gane addu'ar ba ta ce za a sauko a yi maka zaɓin ba. Roƙo ne a sa albarka a inda ka dosa, ko a kautar da kai. Sai ka fara takawa tukuna.

Kada wata ta rubuto mini cewa na musa ƙaddara. Na yarda an rubuta, alƙalami ya bushe. Tambayata ɗaya ce, a cikinmu wa aka ba ya karanta? Goggo ba ta leƙa ba, ni ban leƙa ba. Ranar da Baba zai tambaye ni, ba allon da aka rubuta zai amsa ba, harshena ne zai motsa. Mutane na kiran ƙaddara a wuri biyu: bayan abu ya faru, don su samu haƙuri, wannan na gane shi; da kuma kafin ya faru, don kada a ce su suka yi. Wannan na biyun ɓuya ce, kuma na so in ɓuya a ciki, wurin ne bai ɗauke ni ba.

Ranar da labari ya zo cewa kawunnan sun iso gari sun sauka a gidan wani ɗan'uwansu, washegari da hantsi za su zo, na sami Baba a ɗakinsa bayan azahar. Yana kan kujerarsa ta kishingiɗa, malam-na-bakin-kogi, rediyo a cinya yana laluben tasha. Na durƙusa na gaya masa komai, tun daga kare har tsumman matar Aƙilu.

Ya kashe rediyon.

“Yaron nan shi ya gaya miki da bakinsa?”

“Shi ne, Baba.”

“To ɗan halak ne.” Ya ajiye rediyon a gefe. “In ra'ayina kike so, ki jira. A karɓi gaisuwarsu, a ce sai baɗi. In ya wuce shekara lafiya, a ɗaura.”

“In bai wuce ba fa?”

Mu biyun mun san amsar. In abin ya zo ina matsayin budurwar da ake nema, iyakata bakin taga. Ba ni da hurumin shiga ɗakin namijin da ba mijina ba, balle in zauna a bayansa da tsumma. Danginsa na can saman dutse, kafin saƙo ya je su sauko an yi bakwai. Jira sunansa jira, amma ma'anarsa a bar kare ya zaɓa mini: in ya bar mini shi in ɗauka, in ya ɗauke in ce Allah bai yi ba.

“Baba, ka hana ni,” na ce. Hawaye ya ɓalle. “Don Allah ka ce ka hana. Ko ka ce ka umarce ni. Ɗaya dai.”

Ya cire tabarau ya goge ido da babban yatsa. Ban taɓa ganin Baba ya tsufa ba sai ranar.

“Ɓingel am, 'yata, in na hana ki, yaron nan ya rayu ya auri wata, kin sami wanda za ki riƙa kallo har in mutu. In na umarce ki, ya mutu a hannunki, kin sami wanda za ki ɗora wa gawa. Ina sonki, amma ba zan karɓi wannan ba, don ba ni zan kwana a ɗakin ba. Na faɗi ra'ayina, ra'ayi ne. Uwarki ba za ta ji daga bakina ba. Ina nan har magariba, ki zo ki gaya mini abin da zan ce wa mutane.”

Ga gatan, 'yata mai rubuto mini. Kin gan shi?

La'asar na yi aka yi sallama a zaure. Muryarsa ce. Goggo ta daka mini duka a baya.

“Tashi, ango ya kasa haƙuri har gobe. Sa atamfar nan mai ganye, ki shafa hoda, fuskarki kamar an yi miki mutuwa.”

Na sa atamfar, kore da ruwan ƙasa, na ɗaura ɗankwali, na yafa farin gyale. Na je gindin lemo na buɗe randa. Ƙamshin jema ya bugo ni. Ina zuba ruwan a kwano ina jin ƙararsa kamar ban taɓa jin ƙarar ruwa ba. A nan wata dabara ta zo mini, mai daɗi, mai sanyi kamar randar. Na ce shi ke nan, ga alƙali a hannuna. In kai masa. In ya shanye kamar yadda ya saba, in ce na amince. In wuyansa ya shaƙe, to magana ta ƙare da kanta. Ba ni na yi ba, ruwa ne.

Da wannan na taka har zaure, kwano a hannu, zuciyata har ta fara sauƙi.

Yana zaune a tabarma cikin farin kaftani, ya yi aski, idanunsa sun faɗa. Bai dube ni ba, kwanon ya duba. Na ga maƙogwaronsa ya motsa. Sai na gane shi ma abin da yake yi ke nan, kullum, duk sanda zai sha ruwa ko zai yi alwala, sai ya tsaya gaban wannan alƙalin. Kuma na gane dabarata ba ta da maraba da ta boka mai zuba wuri a ƙasa yana duba. Wanda ya sha yau yana iya kasawa jibi. Ruwa bai san komai ba.

Na durƙusa na ajiye kwanon a tsakaninmu. Ya miƙo hannu. Na ɗora tafina a kan murfin.

“Tsaya tukuna.”

“A gidan nan ai sai an sha ake magana.”

“Yau an sauya. Malam Hayatu, ka zo ka ce mini zaɓi nawa ne. Ka kyauta. Ka sauke kayanka ka ɗora mini a ka, ka sa masa suna mai daɗi. Ka ce ba ka da hanyar tare kawunnanka. Tun jiya suna garin nan, da ka so da ka mayar da su. Me ya hana?”

Ya sunkuyar da kai.

“Jarrabawar ce ta zo kaina yau?”

“Ita ce. Kuma ba a satar amsa. Kai me kake so?”

“Ba ni da ikon so, Saliha. Mutumin da bai san...”

“Ban tambaye ka iko ba.”

Kaji na ta kai-kawo a ƙofar zaure. Can cikin gida Goggo na faɗa da mai kawo itace.

“Ina so,” ya ce, murya can ƙasa. “Ina son ki, wannan kin sani. Amma akwai wanda ba ki sani ba, kuma ba shi da kyau. Tsoro nake ji. Tun da na ga matar Aƙilu nake tunanin wa zai zauna a bayana. Na bar su sun zo ne don ina fatan ki ce e, kuma in ya zamana ba ni na roƙa ba. Kin ji. Ba jarumi kika samu ba.”

“To yanzu muka fara magana,” na ce. “Ni ma ba waliyyiya ka samu ba. Ɗazun nan a bakin randa na yanke cewa wannan kwanon zai amsa maka a madadina. Ka saurara da kyau, don ina so ka ji kafin ka sha, kada gobe ɗayanmu ya ce ruwa ne ya yi mana. Na amince. Ba a tilasta ni ba, ba a yaudare ni ba, Baba ma cewa ya yi in jira. Na ji labarin turke, na ji na tsumma, ina jin tsoro har cikin ƙashina. In ka tsufa, ni na zaɓa. In ba ka kai Sallah ba, ni na zaɓa. Kada ka taɓa ba ni haƙuri a kai, ni ma ba zan kai ƙarar kowa ba.”

Na ɗauke hannuna, na buɗe murfin da kaina.

Ruwan ya ɗan girgiza, hasken ƙofa na rawa a kansa. Ya sa hannu biyu ya ɗauka. Ya yi bismilla. Na kafa wa wuyansa ido.

Maƙogwaronsa ya hau. Ya sauka. Ya hau, ya sauka. Bai cire baki ba sai da ya ga gindin kwano. Ya ajiye, ruwa na bin gemunsa, ya ce, “Useko.”

Sai muka fashe da dariya, mu biyu, irin dariyar da ke zuwa da majina da hawaye. Goggo Asta, wadda ashe ta gama da mai itace ta dawo ta laɓe a bayan ƙyaure, ba ta ji komai ba sai dariyar, amma ta ishe ta. Ta ruga cikin gida ta rangaɗa guɗa tun ba a kai ko'ina ba. Na ji Dada na cewa, “Adda Asta, ki bari mana a karɓi goro tukuna!”

Na goge fuska da gefen gyale, na sunkuya zan ɗauki kwanon.

A nan idona ya sauka a kan cinyarsa. Yana ta ba ni labarin wahalar da kawunnansa suka sha a hanya, yana murmushi, bai san abin da hannunsa ke yi ba. Babban yatsansa na dama ya shige ƙarƙashin hannun kaftani na hagu, daidai wuyan hannu, yana sosawa a hankali. Yana sosawa, yana sosawa.

Ya bi idona da kallo. Yatsan ya tsaya. Murmushin bai bar fuskarsa ba, amma babu kowa a cikinsa.

“Damina ce,” ya ce. “Sauro ya yi yawa a Nukkai.”

“Haka ne,” na ce. “Bana sun yi yawa.”

Ladan bai kira magariba ba tukuna. Baba na ɗakinsa yana jira, bai ji amsata daga bakina ba, goro bai shigo gidan ba. Daga zaure zuwa ƙofarsa akwai tsakar gida guda, kuma ba wanda zai tare ni in na sauya magana a hanya. Na rufe kwanon, na miƙe, na ratsa ta gaban Goggo da guɗarta, na wuce gindin lemo, na yi sallama a ƙofar Baba.

Ya kashe rediyo ya dube ni.

“Baba,” na ce, “gobe ka karɓi goron.”